Inda Rawaya Ke Mutuwa

Ni na kai Rabilu bakin teku da ƙafafunsa, ni kuma na dawo da shi Jos a goye. Abin da ya faru tsakanin tafiyar da dawowar na daɗe ina ba da labarinsa ba yadda yake ba. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, saboda haka zan rubuta shi yadda na iya, ba tare da na gyara kaina a ciki ba.

Rabilu abokina ne tun muna yara a Dutse Uku. Tela ne, yana da keken ɗinki na ƙafa a wani ɗan shago a unguwar Congo-Russia. Ni kuwa takalman gwanjo nake sayarwa a Terminus, har wuta ta cinye kasuwar ta bar ni da makulli a aljihu, babu ƙofar da zai buɗe. Na yi shekara biyu ina gararamba, sai wani dillali ya ce akwai aiki a Saliyo, yaƙi ya ƙare, ana neman ma'aikata. Tsoron tafiya ni kaɗai ya sa na dami Rabilu har ya lulluɓe kekensa da zane ya biyo ni. Mahaifiyarsa Inna, wadda tun ina ƙarami ba ta taɓa kiran sunana ba sai dai ta ce "ɗana", magana ɗaya ta yi: "Ɗana, kai ne mai wayon. Ga shi nan."

A Bamako dillalin ya karɓi takardunmu, ya ce zai kai a buga musu hatimi. Muka zauna a tasha muna jiransa kwana tara. A rana ta tara wani mai shayi Bazabarme da yake jin Hausa ya miƙo mana burodi, ya ce, "Mai farar hular nan kuke jira? Ku ci abinci. Ku ne na uku da ya ajiye mini a bencin nan bana."

Rabilu ya ce, "Sabo, mu juya. Kekena yana nan, ba abin da ya ci shi."

Na ce, "Mu koma a ce mana me? 'Yan Saliyo sun dawo daga Bamako?"

Kunyar 'yan majalisar unguwa ce ta hana ni juyawa, ba wani abu ba. Laifina na farko ke nan.

Motar albasa ce ta kai mu Konakiri, muna kwance a kan buhuna, idanunmu na hawaye ba don kuka ba. Muka yi wata uku muna dako a bakin tashar jiragen ruwa. Zafin garin ya dame ni. Mutumin da ya saba kwana da bargo, sai ga shi yana gumi tun kafin ya idar da sallar asuba. Na riƙa tuna gwaten acca na Inna har in ji ƙanshinsa a hanci. A can muka fara ganin teku. Rabilu ya tsaya ya riƙe ƙugu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, Sabo, wane kamfani ne ya haƙa wannan? Lallai sun samu kuza."

Dariyar da muka yi tana da dalili. Mu ruwan da muka sani shi ne na kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a bayan gari. A can muka koyi iyo a ɓoye, ana dukanmu muna komawa. Ruwan kududdufi jajaye ne da laka, kana nutsewa kamu biyu duhu ya rufe ka. Wasanmu shi ne ka ja numfashi, ka nutse har ƙasa, ka damƙo laka a hannu shaida, sannan ka doki ƙasa ka taso da iyakar gudunka. Wanda ya riga ɓullowa shi ne gwani. A riƙe wannan, don shi ya cuce mu.

Da muka ƙarasa Firitawun, babban birnin Saliyo, muka ji wani mai jirgi yana neman masu nutso. Yarensu ya yi kama da brokar da muke yi a Terminus, saboda haka muna gane juna. Kowa Oga yake ce masa. Ya dube mu ya ce, "Kun iya nutso?" Kafin Rabilu ya buɗe baki na ce, "Tun muna shekara goma." Ya kwashe mu ya kai mu wani tsibiri, tafiyar rabin yini a ruwa.

Aikin shi ne tsinto wata halitta da ke kwance a yashin ƙasan teku. Ba ta da ido, ba ta da ƙafa, ta yi kama da ƙaton gurji mai ƙuraje, sai muka sa mata suna gurjin teku. Ana dafa ta a shanya, wasu baƙi su zo su saya. A cikin kwalekwalen Oga akwai injin iska irin na masu facin taya, da dogon tiyo. Ka ciji bakin tiyon, ka sa gilashi a ido, ka rataya buhu, ka bi igiya ka sauka. Kayan aikin ke nan.

Babban masu nutson wani tsoho ne mai jan ƙafa ɗaya, Pa Momo. Kallo ɗaya ya yi mana ya ce, "Najeriya, a ina kuka yi nutso?"

Na ce, "A Jos."

"Jos akwai teku?"

Rabilu ya ce, "Akwai rami."

Tsohon ya yi dariya har da tari, amma bai tona mana asiri ba. Da ya ji Rabilu tela ne, sai ya kawo masa wani jan ƙyalle da tsohuwar riga rawaya, ya ce ya ɗinka wa kowa abin ɗaurawa a hannu, rabi ja rabi rawaya. Rabilu ya ɗinka su da allura, har da kalmasa baki, don shi ba ya iya aikin banza.

Pa Momo ya ce, "Mu ba mu da agogon da ke faɗin zurfi. Rana ce agogonmu. Ruwa yana cin haske launi bayan launi. Ja yake fara ci. In ka ga jan ya koma baƙi, ka shiga wurin aiki. In ka ga rawaya ta fara zama toka, ka tsaya, can ba gidanka ba ne."

Ranar da na fara sauka na san ban taɓa ganin ruwa ba. Sama-sama haske ne kamar kana cikin koriyar kwalba. Wata ƙura mai rai tana yawo a cikin hasken, ƙananan kifaye dubbai suna bin ta suna ci, suna juyawa tare kamar garken tsuntsaye, manya kuma suna bin su a baya. Duwatsu duk ciyawa, tana kaɗawa kamar ta damina. Da na kai gaba huɗu na dubi hannuna, jan ya mutu. Dutse ya yanke ni a yatsa, jinin ya fito kore-kore. Na ƙara sauka, ciyawar ta yi ta raguwa, kifayen suka ragu, komai ya koma shuɗi. Manyan jatan lande suna leƙe daga kogunan dutse, gurji yana kwance ɗaiɗai a yashi. Sanyin wurin irin na safiyar Jos ne. Na ji shi a fatata, kewar gida ta kama ni a ƙarƙashin teku.

Da rana, in muna shanya, tsohon yakan yi mana bayani. Ya ce ciyawar ruwa ma sai da rana take fitowa, don haka duk noman teku a saman nan ake yin sa, inda haske ke kaiwa. Na ƙasa ba su da gona, abin da ya mutu ya faɗo daga sama shi suke jira. Shi ya sa kana sauka abinci na raguwa, masu cinsa na raguwa. Ya ce wasu in rana ta faɗi sukan hau sama su yi kiwo, kafin gari ya waye sun koma. Can ƙasa sosai kuma, inda rana ba ta taɓa zuwa ba, masu manyan jirage sukan jawo kifaye masu ƙaton baki da ke ɗauke da 'yar fitilarsu a jiki. Rabilu ya ce, "Kamar dankalin turawa ne, Pa. A kan dutsenmu yake yi, ka sauka da shi Lafiya ya ƙi." Tsohon bai san Lafiya ba, amma ya ce haka ne, kowa da benensa.

Wata rana wani mai ƙugiya ya jawo kifi daga zurfi. Ja ne wur kamar tattasai, idanunsa manya sun ɓullo waje, tumbinsa ya fito ta baki. Pa Momo ya ɗaga shi ya ce, "A gidansa baƙi ne, ba mai ganinsa, don ja ba ya kaiwa can. Dubi abin da saurin hawa ya yi masa. Kai ma in ka sha iskar tiyo a ƙasa ka taso da gudu, haka za ta yi a jininka, sai dai naka ba a gani daga waje." Ya buga gurguwar ƙafarsa. Dokarsa ita ce kada ka riga ƙananan kumfan numfashinka hawa, kuma in ka iso ƙullin da ke jikin igiya ka tsaya ka daɗe. Rabilu yakan tsaya a ƙullin yana karanta Ƙulhuwallahu a zuci. Ni nakan ƙosa.

Bayan wata huɗu gurji ya ƙare a inda muke aiki. Mun tsince shi tas. Sai ka yi yawo a ƙasa har ka gaji ka fito da biyar. Oga ya fara zagi, ya rage shinkafa, ya ce zai sallami rabinmu, baƙi farko.

Sai wata rana na bi wani gangare ni kaɗai. Na dubi hannuna, rawaya tana dushewa. Na ci gaba. Ta zama toka. Wurin shiru, babu ciyawa ko ɗaya, haske kamar bayan magariba. A nan na gan su, manya-manya, baƙaƙe, a zube kamar doya a kasuwa, ba wanda ya taɓa zuwa musu. Kafin in ankara buhuna ya cika.

Oga ya rungume ni, ya ce daga yau ni ne shugaban masu nutso. Pa Momo ya ɗauki gurji ɗaya ya juya shi, ya ce, "Wannan ba ɗan unguwar rawaya ba ne. Ina ka samo shi?" Na ce a bayan wani dutse. Na ji daɗin an ɗora ni a kan tsohon da ya rufa mana asiri. Wannan ma sai na rubuta shi.

Kwana uku ina zuwa wurin. A na uku da yamma kafaɗata ta dama ta fara ciwo kamar ana buga ƙusa a cikin gaɓar. Fatar wurin ta yi dabbare-dabbare tana ƙaiƙayi. Na san ko mene ne, don an faɗa mana alamarsa. Na sa riga mai dogon hannu na yi shiru.

Da safe na ce zazzaɓi nake yi. Oga ya ce to dole wani ya je wurina, in ba haka ba shugabancin ya tashi. Na ja Rabilu gefe na kwatanta masa gangaren.

Ya ce, "Rawaya tana da rai a wurin?"

Na ce, "Tana ɗan mutuwa."

"Sabo."

"Kai, dube ni mana. Kwana uku ina zuwa, me ya same ni? Tsohon nan tun da ƙafarsa ta mutu tsoro ya kama shi. Mu da muka girma a duhun kududdufi, ɗan wannan ne zai ba mu tsoro?"

Ya ce, "Ba abin da kake ji a jikinka?"

Na ce, "Wallahi ƙalau nake."

Da sunan Allah na rufe maganar, kafaɗata tana ci kamar wuta. Ya gyara ƙyallen hannunsa, ya ciji tiyo, ya sauka.

Rana tana tsaka, ina zaune kusa da inji ina riƙe da tiyonsa. Ya daɗe a ƙasa, don wurin yana da daɗin tsinta. Sai injin ya yi tari, bel ɗinsa ya zame, ya mutu. Bai fi a ƙirga talatin ba aka tayar da shi. Pa Momo ya sha faɗa mana cewa in iska ta yanke akwai saura a tankin injin, ka kama igiya ka hau a hankali kana fesar da numfashi. Rabilu ya san wannan sarai, ya fi ni riƙe doka. Amma da ya ja iska ya ji babu, a cikin duhu, jikinsa bai tuna tsibiri ba, kududdufi ya tuna. Ya doki ƙasa ya taso da iyakar gudunsa.

Ya ɓullo har ƙugu, kamar yadda muke yi muna yara, hannunsa ɗaya a sama ya damƙe gurji. Muka jawo shi. Har dariya ya yi, ya ce, "Na tsira, mutumina." Ba a yi tsawon sallar raka'a huɗu ba ya ce, "Sabo, wa ya zauna mini a ƙafa?" Babu kowa a kan ƙafarsa.

Pa Momo bai tsaya magana ba. Ya ɗaura Rabilu a jikinsa, ya sa masa tiyo a baki, ya koma da shi ƙasa, wai ko kumfan da ya shiga jininsa zai narke. Sun fi awa suna hawowa ƙulli bayan ƙulli, Oga yana ta ƙorafin man inji. Da suka fito, hannuwan Rabilu da suka fara sandarewa sun dawo. Ƙafafun ba su dawo ba. Tsohon ya tako ya zo gabana yana jan ƙafa, ya kama wuyan rigata ya ja, ya ga kafaɗar. Ya ce, "Ashe ka sani." Ya tofa yawu a ruwa. Bai ƙara yi mini magana ba.

Washegari Oga ya sauke mu a gaɓar Firitawun, ya ce shi bai san mu ba, in muna da takarda mu kai ƙara. A asibiti suka ce injin da ke maganin wannan ciwo babu shi a wurinsu, kuma lokacinsa ya wuce. Hausawa masu fataucin goro da muka samu a wani masallaci su suka tausaya mana, suka riƙa miƙa mu daga mota zuwa mota, daga wannan zango zuwa wancan. Wata biyu muka yi a hanya. Ni ke goya shi zuwa bayan gida, ni ke wanke shi. Duk lokacin da na sauke shi sai ya ce, "Sannu, Sabo. Allah ya bar zumunci." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A Dutse Uku na ce wa Inna iskar ruwa ce ta taɓa shi. Nan da nan ta yarda, don kowa a unguwar ya san wanda kududdufi ya ci. Ta shiga faɗa wa mata, "Ɗana, abokin nasa, a bayansa ya goyo shi daga wata duniya." Har a masallaci aka yi misali da ni. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce.

Ita kuwa ta shiga neman mai fitar da iska. An yi hayaƙi, an sha rubutu, awakinta suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Keken Rabilu yana lungu a lulluɓe da zanen da ya rufe shi da hannunsa. Na ga duk wannan fiye da shekara, na yi shiru. Sai ta samu wani mutum a wani ƙauye da ya ce aljanin a cinya yake zaune, sai da wuta zai fita. Ranar da na zo yi wa Rabilu wanka na ga tabon ƙarfe shida a cinyoyinsa, biyu sun fara ruwa suna wari. Shi bai ji zafinsu ba. Ya ce Asabar za a koma a ƙara.

Na ajiye soso na faɗa masa komai, da kafaɗar, da rantsuwar.

Bai ko ɗago ba, yana jan zare a hular da yake ɗinka. Ya ce, "Na sani. Da Pa Momo ya ja rigarka ina kwance, amma idona biyu."

Na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"A can in na faɗa, wa zai goyo ni gida? Da muka dawo kuma jira nake in ga yaushe za ka gaji." Ya ciji zaren ya tsinke. "Ba ni za ka faɗa wa ba. Ni ban sayar da akuya ba."

Na samu Inna a tsakar gida tana tsince acca a faifai. Na durƙusa na maimaita. Na yi mata bayanin jan ƙyalle da rawaya, da kifin da tumbinsa ya fito, ban san ko ta gane ba. Hannunta ya tsaya a cikin accar.

Ta ce, "To ba iska ba ce?"

Na ce, "Ba iska ba ce, Inna. Ni ne."

"Wutar da na riƙe shi aka sa masa fa?"

Na jira ta yi kuka, ko ta tsine mini, ko ta kira maƙwabta. Ta ɗauki faifanta ta miƙe, ta ce, "Malam Sabo, ka gaida gida."

Ba a koma wurin mai ƙarfen ba. Miyakun sun warke a hankali. Wani makaniki ya sa wa keken mariƙin juyawa da hannu, Rabilu yana ɗinkin kayan yara a zaure, ƙyallen nan rabi ja rabi rawaya yana ɗaure a wuyan keken, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Kafaɗata takan tashi duk lokacin sanyi, kuma ba na shan magani.

Kullum da safe nakan je in ɗauko shi daga ɗaki in zaunar da shi gaban keke, da yamma in mayar da shi. Ba a taɓa rufe mini ƙofa ba. Inna takan ajiye mini koko a bakin zaure, a kofin da take ba mai kawo ruwa. Shekara uku ke nan. Jiya ma da na sauke shi a kan tabarma na tsaya a bakin ƙofarta na ce, "Inna, zan wuce." Ta amsa daga bayan labule, "To, Malam Sabo. An gode."